Ɗan Hakin da Ka Raina: Aikatau "Take" da Mafayyatansa a Ingilishin Yau da Kullum

Gabatarwa

A bara, lokacin bikin Makon Hausa na sashenmu, an ɗora mini nauyin yin tafinta. Dalili kuwa shi ne baƙinmu kashi biyu ne. Akwai malamai da ɗalibai daga wasu sassa waɗanda ba sa jin Hausa, akwai kuma dattawa da 'yan kasuwa da muka gayyato daga unguwar Sabo, waɗanda suka fi sakewa da Hausa. Ni Bayarabe ne, a aji na fara koyon Hausa, saboda haka na ɗauki wannan aiki a matsayin wata dama ta nuna abin da na iya. Da aka buɗe taro sai mai gabatarwa ya ce: "Alhaji will now take the chair." Ban yi wata-wata ba na ce: "Yanzu Alhaji zai ɗauki kujerar." Sai wani dattijo a sahun gaba ya ɗaga murya ya ce: "Samari, ina zai kai ta?" Nan take zauren ya kece da dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina.

Bayan an tashi, Malam ya kira ni gefe ya ce abin da ya kamata in faɗa shi ne, "Alhaji ne zai shugabanci taro." Na ce, "Amma Malam, ai 'take' ɗauka ne, 'chair' kuma kujera ce." Ya yi murmushi ya ce, "Kalma uku ka ji, biyu ka fassara. Je ka nemo ta ukun." Wannan kalma ta uku, wato "the", da 'yan uwanta, su ne abin da wannan maƙala za ta duba. Abin da nake son nunawa shi ne, a yawancin maganganun yau da kullum aikatau "take" ba shi ne ke riƙe da ma'ana ba. Sunan da ya biyo baya da kuma 'yar ƙaramar kalmar da ke tsakaninsu su ne ke yanke hukunci. Wanda ya tsallake ta zai iya fassara kowace kalma daidai, amma ya ɓata saƙon gaba ɗaya.

Mene ne mafayyaci?

Abin da nake nufi da mafayyaci a nan shi ne duk wata kalma da ke zuwa tare da suna domin ta fayyace wanne ake nufi, ko na wane ne, ko nawa ne. A Ingilishi akwai "a" da "an" da "the". Akwai nunau irin su "this" da "that". Akwai na mallaka irin su "my", "your", "his", "her" da "their". Akwai kuma masu nuna adadi irin su "some", "any", "no" da "every". Randolph Quirk da abokan aikinsa uku, a babban littafinsu A Comprehensive Grammar of the English Language na 1985, sun kasa mafayyatan Ingilishi gida uku bisa ga gurbin da suke zama: na gaba kamar "all" da "both", na tsakiya kamar "the" da "my", da na baya kamar lambobi. Shi ya sa ake cewa "take all the credit", ba a juya jerin. Na tsakiya kuwa ba sa haɗuwa biyu a wuri ɗaya. Hausa ta yarda a ce "wannan littafin nawa", amma Ingilishi bai yarda da "the my book" ba.

Tarihin waɗannan kalmomi yana taimakawa wajen fahimtar aikinsu. "A" da "an" sun samo asali ne daga kalmar tsohon Ingilishi mai nufin "ɗaya", shi ya sa har yau ba sa shiga gaban jam'i ko abin da ba a ƙirgawa. "The" kuma daga nunau ta fito, wato danginsu ɗaya da "that". Zaɓi tsakanin "a" da "an" ya dogara ne ga sautin da ya biyo baya, ba harafi ba: "take an hour", amma "take a university course".

Matsalarmu ta farko ita ce muna zaton "a" daidai take da "wani" ko "wata", "the" kuma daidai take da madanganci -n ko -r. Ba haka abin yake ba. Paul Newman, a littafinsa na nahawun Hausa na shekara ta 2000, ya nuna cewa babban aikin -n da -r shi ne nuna abin da aka riga aka ambata ko aka san da shi a cikin zance. Bature zai ce "the sun", Bahaushe ya ce "rana" kawai. Bature zai ce "I bought a car", Bahaushe ya ce "na sayi mota". In ya ce "na sayi wata mota", to akwai ƙarin bayani a tafe. Haka abin yake a Yarabanci: "kan" da "náà" suna kama da "wani" da "-n", kuma suna yana iya tsayawa shi kaɗai ba tare da su ba. Ingilishi kuwa ya wajabta wa suna tilo da ake ƙirgawa ya zo da mafayyaci, sai fa a wasu maganganu ƙayyadaddu da za mu gani nan gaba.

Asalin "take" da rashin nauyinsa

Kalmar "take" ita kanta baƙuwa ce a Ingilishi. An aro ta ne daga "taka" ta harshen mutanen Sikandinabiya, waɗanda suka zauna a arewaci da gabashin Ingila tun daga ƙarni na 9. Kalmar da Ingilishi yake da ita tun asali ita ce "niman", 'yar uwar "nehmen" ta Jamusanci, amma sannu a hankali baƙuwar ta ture 'yar gida, har zuwa wajen 1500 ta gaje wurinta. Daga bakin waɗannan mutane ne kuma Ingilishi ya sami mafayyacin mallaka "their".

Ma'anar farko ta "take" ita ce kamawa ko ɗauka da hannu, kamar a "take the book". To amma me mutum ya ɗauka a "take a walk"? Babu. Masanin harshe ɗan ƙasar Denmak, Otto Jespersen, wanda ya rasu a 1943, shi ne ya laƙaba wa irin wannan amfani sunan da za mu iya fassarawa da "aikatau marar nauyi". Wato aikatau ne da ya sauke yawancin ma'anarsa, ya bar wa suna ɗaukar kayan, shi kuma ya tsaya ga nuna lokaci da wanda ya yi aikin. Mu ɗaliban Hausa mun san irinsa, domin aikin da "yi" ke yi ke nan a "yi wanka", "yi barci" da "yi magana".

Akwai wani bambanci da ya kamata mu lura da shi. A Hausa, "ɗauka" yana cikin aji na biyu na tsarin aikatau da F. W. Parsons ya fitar a 1960, saboda haka ƙarshensa yana sauyawa bisa ga abin da ya biyo baya: "ya ɗauki littafi", "ya ɗauke shi", "abin da ya ɗauka". Mun saba sa ido a kan wutsiyar aikatau. A Ingilishi kuwa "take" ba ya motsi saboda karɓau. Wurin da ya kamata mu sa wa ido shi ne gurbin da ke tsakanin aikatau da suna. Abu huɗu ne suka fi shiga wannan gurbi, kuma za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Take" tare da "a" ko "an"

Idan "take" ya haɗu da "a" da sunan da aka samo daga aikatau, ma'anar ita ce an yi aikin sau ɗaya, na ɗan lokaci, yana da farko yana da ƙarshe. Misali:

1. take a look: ɗan duba
2. take a walk: ɗan taka, ko shan iska
3. take a nap: ɗan runtsa
4. take a break: ɗan huta
5. take a bath: yi wanka
6. take a breath: ja numfashi

Mai karatu zai ga cewa babu "ɗauka" ko ɗaya a fassarar, kuma sau huɗu kalmar "ɗan" ta fito. Ke nan abin da "a" ke yi a nan ya fi kusa da aikin "ɗan" a gaban aikatau fiye da aikin "wani". "She walked" na iya nufin ta yi ta tafiya wuni guda, amma "she took a walk" fita ɗaya ce ta dawo. Wani amfanin wannan gini shi ne yana buɗe ƙofa ga sifa: "take a quick look", "take a deep breath", "take a long walk".

Ba kowane aikatau ne ke shiga wannan gini ba. A 1982 Anna Wierzbicka ta buga wata maƙala a mujallar Language inda ta tambayi dalilin da ya sa Turawa ke cewa "have a drink" amma ba sa cewa "have an eat". Ta nuna cewa ba da ka ake yin abin ba, akwai ƙa'idar ma'ana a ƙarƙashinsa: aikin ya kasance na ɗan lokaci, wanda ake iya maimaitawa. Ko da yake a kan "have" ta fi mai da hankali, darasin ya shafi "take", domin ana cewa "take a bite" da "take a sip", amma ba a cewa "take an eat". Haka nan kuma akwai bambancin ƙasa. Mutanen Birtaniya sun fi cewa "have a bath", Amurkawa sun fi cewa "take a bath". A gefe guda, "take a decision" ya fi yawa a Birtaniya da nan Nijeriya, Amurkawa kuwa "make a decision" suka fi sabawa da shi. Aikatau ya sauya, amma "a" tana nan daram.

"Take" tare da "the"

A nan ne na faɗi, saboda haka na fi tsayawa a kai. Na lura "the" tana yin aiki iri huɗu bayan "take".

Na farko shi ne wanda muka sani, wato nuna abin da mai magana da mai sauraro suka riga suka sani: "take the money", karɓi kuɗin. A nan kaɗai ne -n da -r suka dace da ita sosai.

Na biyu shi ne nuna hanya ko tsarin da kowa ya san da shi, ba wani abu guda ba. Wanda ya ce "I take the bus to school" ba wata mota ɗaya yake nufi ba, cewa yake yi a bas yake zuwa makaranta. Haka "take the train" da "take the stairs". Fassarar ita ce "hau jirgin ƙasa" da "bi ta matakala".

Na uku shi ne nuna matsayi wanda guda ɗaya ne tak a wurin. Kujeru da yawa ne a zauren taro, amma shugabanci ɗaya ne, shi ya sa "take the chair" ke nufin shugabantar taro. Ga wasu:

7. take the lead: shige gaba, ko yi jagora
8. take the floor: tashi yin jawabi, ko fita fagen rawa
9. take the blame: ɗauki laifin a kanka
10. take the oath: yi rantsuwar da doka ta tsara
11. take the stand: shiga akwatin ba da shaida a kotu

Misali na 11 Ingilishin Amurka ne, kuma yana da kyau a gwada shi da "take a stand", wanda ke nufin mutum ya fito fili ya tsaya a kan ra'ayinsa. Harafi biyu ko uku ne suka raba mai ba da shaida da mai kare aƙida.

Na huɗu shi ne maganganun da suka daskare, waɗanda sai an san al'adar masu harshen. Ba'amurke zai ce "take the Fifth", yana nufin ƙin amsa tambayar da za ta iya jefa shi cikin laifi. Asalin maganar shi ne gyara na biyar na tsarin mulkin Amurka, wanda aka amince da shi a 1791. Idan abu ya wuce gona da iri, mutumin Birtaniya ya ce "that takes the biscuit", Ba'amurke ya ce "that takes the cake". A waɗannan, ba a isa a cire "the" a sa "a" ba. In an yi haka, magana ta koma kan biskit da kek na gaske.

"Take" ba tare da mafayyaci ba

Rashin mafayyaci ma zaɓi ne mai ma'ana. Wani lokaci dalilin a fili yake: sunan jam'i ne, kamar a "take notes" da "take steps", ko kuma ba a ƙirga shi, kamar a "take advice" da "take medicine". Amma akwai rukunin da sunan yake tilo, kuma a wani wuri ana ƙirga shi, sai dai a nan ya manne da aikatau har sun zama tamkar kalma ɗaya:

12. take place: faru, ko gudana
13. take part: shiga cikin wani abu
14. take office: kama mulki
15. take effect: fara aiki
16. take root: kafu
17. take heart: ƙarfafa zuciya
18. take note: lura

Idan muka ce "Obasanjo took office on 29 May 1999", muna nufin ya kama mulki a wannan rana. Da za a ce "took the office", mai sauraro zai iya zaton wani ɗakin aiki ake magana a kai. Haka kuma lauyoyi ke cewa "take silk" ga wanda aka ɗaga zuwa matsayin babban lauya, saboda rigar siliki da masu wannan matsayi ke sawa. Daga Ingila maganar ta zo, kuma lauyoyin Nijeriya suna amfani da ita ga masu muƙamin SAN, wanda aka fara bayarwa a 1975. Dubi kuma misali na 18: "take note" lura ce, "take notes" rubuta abin da malami ke faɗa ne, "take a note" kuma rubuta ɗan saƙo guda ne.

Shigowar sifa takan nuna ko sunan na ƙirgawa ne. Ana cewa "take good care" da "take great offence" ba tare da "a" ba, domin ba a ƙirga kulawa ko jin haushi. Amma "take part" yakan koma "take an active part", wato da sifa ta shigo sai "an" ta dawo. "Take place" kuwa ya daskare ƙwarai, har ba a iya juya shi. Ana cewa "care was taken", amma ba a cewa "place was taken" da nufin wani abu ya faru.

"Take" tare da mallaka

A wasu maganganun dole mallakar ta koma kan mai aikin. "She took her time" na nufin ta yi abinta a tsanake, "they took their time" sun yi a tsanake. Haka "take your leave", yin sallama. A wasu kuma mallakar ta wani ce dabam: "take my advice", ji shawarata, "take my word for it", yarda da abin da na faɗa maka, "the nurse took his temperature", ta auna zafin jikinsa.

Haɗarin yana inda jimla za ta iya ɗaukar duka biyun. "Musa took his place" na iya nufin Musa ya tsaya a gurbin da aka ware masa, yana kuma iya nufin Musa ya maye gurbin wani. Mafi tsanani shi ne "he took his life". Idan "his" ta koma kan mai aikin, mutum ya kashe kansa ke nan. Idan ta koma kan wani, kisan kai aka yi. Shi ya sa masu rubutu da kula suke ƙara "own", su ce "he took his own life". Duk ɗalibin da ke fatan aikin fassarar labarai a gidan rediyo ko jarida ya kamata ya tsaya ya karanta abin da ya gabata kafin ya zaɓi ɗaya, domin kuskure a nan zai iya ɗora wa wani laifin da bai yi ba.

Sauran mafayyata

Masu nuna adadi da nunau su ma suna da nasu rawar. "Take no notice" na nufin yi biris. "Don't take any chances" na nufin kada ka yi ganganci ko kaɗan. "Take every opportunity" shi ne kada ka bar wata dama ta wuce, "take this opportunity" kuma buɗin jawabi ne, kamar yadda mukan ce "ina amfani da wannan dama". "Some" takan ba da mamaki, domin a "it will take some doing" ba "kaɗan" take nufi ba, cewa ake yi abin zai ci wuya.

Suna ɗaya, ma'ana da yawa

Hanya mafi sauƙi ta ganin ƙarfin mafayyaci ita ce a riƙe aikatau da suna yadda suke, a riƙa sauya na tsakiya kawai.

Da "seat" da "chair": "take a seat" gayyata ce cikin ladabi, wato bismilla, zauna; "take your seats" umarni ne kowa ya koma mazauninsa za a fara; "take his seat" ana faɗarsa ga ɗan majalisar da ya fara zama bayan zaɓe; "take a chair" jawo kowace kujera ne; "take the chair" shugabantar taro ne.

Da "time": "it takes time" sai a hankali, abin yana cin lokaci, "take your time" kada ka yi gaggawa, "take the time to read it" ware lokaci musamman ka karanta.

Da "part": "take part" shiga, "take the part of" fitowa a matsayin wani a wasan kwaikwayo, "take his part" goya masa baya a gardama.

Da "turn": "take turns" yin karɓa-karɓa, "take your turn" layi ya zo kanka, "take a turn for the worse" jiki ko al'amari ya tsananta.

Ingilishin Nijeriya

Da yake harsunanmu sun yarda suna ya tsaya shi kaɗai, mukan kwashe wannan ɗabi'a mu kai cikin Ingilishi. Kullum muna jin "I want to take bath", "he took bribe", "let us take picture", inda daidaitaccen Ingilishi ke buƙatar "a". Wani lokaci kuma mukan sa ta inda ba ta da gurbi, kamar "take an advice". Ban da haka, mun ƙirƙiri namu. "They have taken light" na nufin an ɗauke wuta. "She has taken in" na nufin ta sami ciki. "Take permission" a bakinmu neman izini ne. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne "take your time", wanda a Ingila lallashi ne, amma a titunanmu, in aka faɗe shi da kakkausar murya, gargaɗi ne, wato shiga taitayinka. Mai son ƙarin misalan yadda muke sarrafa wannan harshe zai amfana da littafin David Jowitt, Nigerian English Usage, na 1991.

Ba ina cewa Ingilishinmu abin kunya ba ne. Yana biya mana buƙata a kasuwa da tasha da ɗakin kwanan ɗalibai. Amma ɗalibin harshe ya kamata ya san iri biyun, ya kuma san wurin da kowanne ya dace. Mai duba takardar jarrabawa ko ta neman aiki da daidaitaccen Ingilishi zai auna mu.

Madubi daga Hausa

Kada mu zaci Ingilishi ne kaɗai ke da wannan hali. Philip Jaggar da Malami Buba, a wani nazari da aka buga a 2009, sun nuna yadda "ci" da "sha" suka faɗaɗa a Hausa: "ci" ya karkata ga samun galaba, kamar a "ci jarrabawa" da "ci nasara", "sha" kuma ga abin da ya sami mutum, kamar a "sha wahala" da "sha kashi". Lokacin da nake aji ɗaya na sha mamakin yadda ake cin kasuwa ana shan iska, kamar yadda mai koyon Ingilishi ke mamakin yadda ake "ɗaukar" wanka. Ko magani ma, Bature "ɗauka" yake yi, Bahaushe ya sha, Bayarabe kuma ya ce "lo oògùn", wato amfani da shi. Daga nan ne "have you used your drugs?" ta shigo Ingilishin yankinmu.

Har ila yau, mafayyaci yana sauya ma'ana a Hausa. A watan azumi, "ya sha ruwa" na nufin ya buɗe baki, ko da da dabino ya fara. Amma "ya sha ruwan" ruwa ne na gaske da aka riga aka ambata. "Ya kama hanya" ya fara tafiya ke nan, "ya kama hanyarsa" kuwa ya rabu da mutane ya yi gaba abinsa. Ashe abin da muka iya a Hausa shi ne muke mantawa da shi in mun juya ga Ingilishi.

Abin da ke jawo mu cikin rami shi ne wasu wuraren harsunan biyu sun dace: "take a picture" ɗauki hoto, "take steps" ɗauki mataki, "take revenge" ɗauki fansa, "take responsibility" ɗauki alhaki. Da ɗalibi ya ga huɗu sun dace sai ya zaci saura ma haka suke. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, shawarata ga 'yan uwana ɗalibai uku ce. Ta farko, kada mu haddace "take" shi kaɗai; mu riƙa rubuta shi a littafinmu tare da mafayyacinsa da sunansa, kamar kalma ɗaya. Ta biyu, in mun buɗe ƙamus mu nemi maganar a ƙarƙashin sunan, mu kuma karanta misalan, domin a can ne ake ganin ko "a" ce ko "the" ko babu komai. Ta uku, kafin mu fassara mu tambayi kanmu: shin akwai abin da hannu ya ɗauka a nan? In babu, to mu ajiye "ɗauka" mu nemi abin da Bahaushe zai faɗa a wannan hali, ko "yi" ne, ko "hau", ko "sha", ko "kama".

Makonni kaɗan bayan bikin nan na haɗu da dattijon a Sabo. Ya gane ni, ya yi dariya ya ce, "Samari, an dawo da kujerar?" Na ce, "Baba, ai ba ta je ko'ina ba, ni ne na ɗauke ta da bakina." Bana ma an ce ni zan yi tafinta, kuma na amsa.